Kukan jita a cikin kwamfuta: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka da lokacinka?

Wani mai shirya fim ne ya jefa ni cikin wannan aiki. Ya kawo mini wata fitowa ta minti biyu, jarumar tana zaune ita kaɗai a mota bayan ta ji labarin da ya girgiza ta, ya ce ba ya son fiyanon nan mai taushi da kowa yake sakawa. Sai ya ciro waya ya kunna mini wani guntun kiɗan Turawa. Jita ta buga murya ɗaya tak, maimakon muryar ta mutu sai ta kumbura, ta rikiɗe ta koma siririn kuka mai tsawo. "Wannan nake so, Malam," in ji shi. Na ce ya dawo jibi. Sati biyu na yi, kuma kafin in gama sai da na ƙona 'yar sifikar sama ta monitana ta hagu, wato sifikar da nake sauraron aiki da ita a situdiyo.

Abin da ya kunna mini shi ne abin da makaɗa suke kira fidbak. Dangi ne da ƙarar nan mai huda kunne da ake ji a wajen taro idan mai jawabi ya matso da makirufo kusa da lasifika, wadda masana suke jingina wa wani Badanmake, Søren Larsen, da ya fara bayanin yadda take faruwa. Bambancin kawai, ta wajen taro ba ta da linzami, ta jita kuwa tana da shi, kuma linzamin shi ne tsirkiya. Tsirkiya ta girgiza, fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya mai da girgizar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta tura iska, iskar ta bugi jikin jitar, tsirkiya ta sake girgiza. Kamar tura yaro ne a lilo. Idan turin ya zo daidai lokacin da lilon yake tafiya gaba, ɗan turi kaɗan ya isa ya riƙe shi yana kaiwa da komowa har dare. Idan ya zo a karkace, tsayar da shi zai yi.

Akwai abu na biyu da ya kamata a riƙe kafin a shiga kwatance. Tsirkiya ba ta fitar da murya ɗaya. Tana da uwar murya, tana da 'ya'ya a samanta. Idan ka danna siririyar tsirkiyar ƙarshe a firet na 5, wato gaɓa ta biyar a wuyan jita, uwar ita ce A mai 440 Hz, wato girgiza 440 a daƙiƙa, 'yar fari 880, mai bi mata 1320, haka har sama. Rikiɗewar nan da ta burge mai fim ɗina tana faruwa ne lokacin da turin sifika ya fi dacewa da ɗaya daga cikin 'ya'yan, sai uwar ta dushe 'yar ta karɓe fage.

To, duk hanyoyin da ake bi a kwamfuta gida biyu suka rabu. Akwai waɗanda suke girgiza tsirkiyar da gaske, akwai waɗanda suke zana kukan bayan tsirkiyar ta gama nata. Na gwada kusan dukkansu, kuma ra'ayina bai ɓuya ba: wanda yake da jita a hannu ya nemi gida na farko ko da da tsohuwar sifikar rediyo ce. Amma mafi yawan situdiyoyinmu fiyano da linzamin kwamfuta ne kaɗai makamansu, shi ya sa zan daɗe a kan gida na biyu fiye da yadda zuciyata take so.

Amfilifaya a ɗaki, ɗauka ta wata ƙofa

Wannan ita ce hanyar asali, wadda aka ji a bakin wata waƙar Beatles tun 1964, kuma Jimi Hendrix ya mai da ita sana'a a dandalin Monterey a 1967. Dabarar da ta sa ta dace da aikin kwamfuta ita ce raba wayar jita biyu. Da akwatin DI, mai fitar da tsabtataccen sautin jita kai tsaye, ko wata feda (na'urar sauti da ake takawa da ƙafa) mai mafita biyu, reshe ɗaya ya tafi amfilifayar da take ruri a ɗaki, ɗayan ya shiga saunkad, na'urar da take shigar da sauti kwamfuta, tsaf ba tare da an taɓa shi ba. Ba ka bukatar ka sa wa amfilifayar makirufo, ba ka ma bukatar ta zama mai daɗin sauti. Aikinta ta kaɗa tsirkiya. Tunda kukan a tsirkiya yake, yana nan kwance cikin tsabtataccen sautin da ka ɗauka, daga baya sai ka ɗora masa duk amfilifayar kwamfutar da ka ga dama, AmpliTube ne, Guitar Rig ne, ko Neural Amp Modeler da ake samu kyauta. Ka canza ra'ayi bayan wata guda, ka canza amfilifayar, kukan yana nan.

Inda makaɗi ya tsaya shi ne rabin aikin. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin ɗaki mai matsakaicin sanyi, a zafin bazararmu ma ya ɗan ɗara haka. Zangon igiyar 440 Hz ya kama santimita 78 ke nan, rabinsa 39. Ma'ana, ɗan gajeren taku ɗaya ya isa ya mai da turin da yake taimakon muryar ya koma mai kashe ta. Ga 880 kuwa taƙi ɗaya ma ya wadatar. Shi ya sa lokacin da Robert Fripp ya yi wa David Bowie kiɗan jita a Balin a 1977, alamomi ya bi a ƙasa, kowace murya da tazararta daga sifika, yana matsawa gaba da baya gwargwadon muryar da yake so ta kama. Ni ma yanzu alli nake ajiyewa a situdiyo saboda haka.

Illarta ƙara ce. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai nazarin lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Amfilifayar da aka buɗe don ta yi kuka ba ta da wuyar kai wa nan. Ka toshe kunne, ko ka sa hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya. Sai kuma maƙwabta. Situdiyon da yake cikin shago a jere da masu ɗinki da mai kemis ba wurin wannan ba ne, sai dai a yi sulhu da su tukuna.

Monitar situdiyo da amfilifayar kwamfuta

Mutane da yawa suna cewa wai amfilifayar kwamfuta ba ta fidbak. Tana yi sarai. Abin da ya hana su ji shi ne da hedifon suke kiɗa, kuma hedifon ba ya tura iskar da za ta taɓa jita. Buɗe monita, ƙara gen, wato ƙarfin da sautin yake shiga amfilifaya da shi, matso da jitar, za ta yi kuka.

Abin da ake tsoro a nan shi ne jinkirin kwamfuta, amma an fi ƙarfin tsoron. Bafa, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa, idan 128 ce a kan guntaye 48,000 a daƙiƙa, milisakan 2.7 ne, shiga da fita kuma yakan kai ninki biyu da ɗoriya. Ko da jimillar ta kai milisakan 10, daidai yake da ka tsaya mita uku da rabi daga amfilifaya, abin da makaɗa suke yi kullum a dandali. Jinkirin ba ya hana kuka, yana dai canza wace murya ce za ta kama a wane wuri. Saboda haka idan ka sami wurin da ya yi maka, kada ka taɓa bafa, kada ka ƙara fulogin, wato ƙaramar manhajar sarrafa sauti, mai jinkiri a tsakiyar aiki, in ba haka ba duk alamominka na ƙasa sun tashi a banza. Sai an kai bafa 512 ne abin yake fara damun hannun makaɗi, shi ma ba don kukan ba, don jin bugunsa yana zuwa a makare.

Ga inda na yi asara. Na buɗe gen har ƙarshe, na ɗaga monita, na kai fuskar jitar dab da sifika. Ba kukan tsirkiya na samu ba, wani tsinin ƙara ne ya tashi, irin wanda ko ka danne tsirkiyoyin da tafin hannu ba ya tsayawa. Wannan ita ce alamar da za ka gane shi da ita. Fikof ne da kansa yake ɗaukar maganaɗisun sifikar, ko kuma wayoyin cikinsa sun saki suna rawa kamar makirufo, abin da ya sa masu ƙera fikof masu kyau suke tsoma shi cikin narkakken kakin zuma. Kafin hannuna ya kai ga bolum, daƙiƙa uku ko huɗu, 'yar sifikar sama ta tafi. An ƙera ta ne don ɗan tartsatsin sauti mai wucewa, ba don doguwar ƙara mai tsini da ba ta numfashi ba. Sifikar amfilifayar jita ba ta da wannan 'yar sifikar kwata-kwata, kuma da kanta take zubar da yawancin abin da ya haura 5,000 Hz, shi ya sa ita take jurewa.

Bayan wannan darasi na koma wata dabara da ta fi araha kuma ta fi aminci. Na sami wata tsohuwar sifika mai akwatin katako, na ba ta mafita ta daban daga saunkad, na sa limita mai hana ƙara wuce iyaka da EQ mai yanke duk abin da ya wuce 3,000 Hz a layinta. Maimakon in dogara da iska, sai makaɗi ya jingina kan jitar, can inda maɗauran tsirkiya suke, a jikin akwatin. Girgizar tana bin katako ta shiga wuyan jita kai tsaye, kuma katako ya fi iska isar da saƙo nesa ba kusa ba. Da ƙarar da ba ta wuce ta rediyon mai shayi ba ake samun kukan da a da sai an tashi unguwa. Sharaɗi ɗaya: sifikar ta zama mai waya. Ta Bluetooth jinkirinta yakan haura milisakan 100, ba ta da amfani a nan.

Wata matsalar da gen mai yawa yake tonowa ita ce gurnanin wuta. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50 Hz ce, fikof mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster kuma yana kwasar ta da 'ya'yanta, 100, 150, 200. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955, an yi shi ne musamman don kashe wannan gurnani. A kan ƙaramin janareta abin ya fi muni, don gudun injin yana hawa yana sauka, gurnanin ma yana yawo, sai ka yanke shi da EQ a wuri ɗaya ya ɓullo a gefe. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne cire cajar laftof lokacin ɗauka, a kashe fanka, makaɗi ya juya a hankali a kan kujera har ya sami fuskar da gurnanin ya fi raguwa. Kada kuma ka sa get mai rufe sauti da wuri, zai yanke muryar daidai lokacin da take shirin rikiɗewa.

Maganaɗisu maimakon iska

EBow wata 'yar na'ura ce da ake riƙewa a hannun dama a saman tsirkiya, mai batir 9V, wadda Greg Heet ya ƙirƙira a 1969 ta shiga kasuwa a 1976. Tana jin girgizar tsirkiya ta mayar mata da turi ta maganaɗisu, ba sifika ba ƙara. Tana da maɓallin da yake fifita 'ya'yan murya a kan uwa. Da ƙarfe biyun dare, da hedifon, za ka iya ɗaukar dogon kuka na gaskiya. Amma tsirkiya ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma ta mamaye hannun da yake bugu, don haka muryar takan shigo ne a lulluɓe kamar ta goge, ba ta fara da bugu sannan ta rikiɗe ba. Ana gyara wannan da ɗauka biyu, bugun a layi ɗaya, EBow a wani, a haɗe su. Ga kiɗan bayan fage na fim, ni a wurina ba ta da na biyu.

Sustainiac da Fernandes Sustainer irin wannan aikin suke yi amma a cikin jitar ake dasa su, a gurbin fikof na kusa da wuya, su kama duk tsirkiyoyin kuma su bar hannu a sake. Sai an fafe jikin jita an sa batir da maɓallai. Wanda jitarsa ɗaya ce, ko ta aro ce, ya wuce wannan.

Feda da fulogin masu kwaikwayo

Daga nan mun shiga gida na biyu. Waɗannan suna sauraron muryar da ka buga, su gano tsayinta, su ƙirƙiri wata murya a samanta su shigo da ita a hankali. Boss ta fara da DF-2 a 1984, wadda kukanta yake da ɗan kama da na fiyanon lantarki. DigiTech FreqOut ta 2017 ta yi nisa sosai: kana zaɓar wace 'yar murya kake so, ko ka bar ta ta zaɓa da kanta, kana saita yadda za ta yi saurin shigowa, kuma kana iya sa ta yi aiki sai lokacin da ƙafarka take kan maɓalli. A cikin kwamfuta an fitar da Acoustic Feedback na Softube, da AcouFiend na Blue Cat Audio, sannan Line 6 ta ƙara nata mai suna Feedbacker a cikin Helix a 2023.

Babbar fa'idarsu ita ce suna aiki a kan abin da aka riga aka ɗauka. Makaɗi ya zo ya buga ya tafi Agadas ko Jos, sai daga baya ka ga ƙarshen baiti yana son kuka. Idan ka ajiye tsabtataccen DI, sai ka sa fulogin ɗin kafin amfilifayar kwamfuta, ba bayanta ba, ka zana masa inda zai buɗe da inda zai rufe. Kada a bar shi a buɗe tun daga farkon waƙa har ƙarshe, don duk muryar da ta ɗan daɗe zai kama ta, abin ya zama kamar kyanwar da ba a ba abinci ba.

Rauninsu yana fitowa ne a wurare uku da na lura. Idan tsirkiya ta mutu da wuri, fulogin ya rasa abin da zai bi, sai ko dai ya yanke ko ya daskare a murya ɗaya ba motsi. Idan makaɗi ya karkaɗa yatsa da ƙarfi, wani lokaci bin yana ɗan makara, kunne kuma yana jin muryoyi biyu suna tafiya ba tare ba. Na uku ya fi wuyar faɗa. Makaɗin da yake jin jita tana rawa a ƙirjinsa yana canza yadda yake riƙe muryar, ya ɗan juya, ya sassauta yatsa, ya jira. Wanda ya buga a bushe bai yi wannan jiran ba, don haka muryar da ya bar maka sau da yawa gajeriya ce. Idan ka san za ka bi wannan hanya, roƙe shi tun a wurin ɗauka ya riƙe muryoyin ƙarshe har su mutu da kansu. Kuɗinsu kuma da dala ne, ka fara gwada na gwaji a kan sautinka kafin ka taɓa katinka.

Zana shi da hannu

Wannan ita ce hanyar wanda ba shi da jita sam, jitarsa ta MIDI ce, wato wadda ake rubuta muryoyinta a kwamfuta, daga RealStrat na MusicLab ko ɗaya daga cikin na Ample Sound. Duka biyun suna da nasu maɓallin fidbak a ciki, kuma ba laifi a fara da shi. Amma na hannu ya fi biyayya, kuma ba ya cin ko sisi.

Buɗe sinti, wato manhajar ƙirƙirar sauti, mafi sauƙi da kake da shi, 3x Osc a FL Studio, ReaSynth a Reaper, Operator a Ableton, ka bar igiya ɗaya mai santsi wadda ba ta da 'ya'ya ko kaɗan. Rubuta mata murya oktab ɗaya a saman wadda jitar take riƙe, wato ninki biyu na girgizarta, ko kuma ninki uku. Ta fara daga shiru kamar daƙiƙa ɗaya bayan bugun. Yadda za ta hau shi ne sirrin: ba a miƙe kamar tsani ba. Kukan gaske yana farawa a ɓoye, ya daɗe kamar ba ya motsi, sai ya taso da sauri, sannan ya daidaita saboda amfilifaya ta cika ba ta da sauran wuri. Zana layin bolum ɗinka da wannan siffa. A daidai lokacin da take hawa, ka riƙa rage muryar jitar kanta, kada su tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ba sintin nasa layi daban da tasa amfilifaya. A'a. Haɗa shi da busasshen sautin jitar a layi ɗaya, su shiga amfilifayar kwamfuta guda tare. A cikin distoshan, wato kaushin da amfilifaya take ba sauti idan ta cika, muryoyin biyu suke kokawa, ƙarfin ɗaya yana danne ɗaya, su haifi wasu ƙananan muryoyi da babu su a ko wanne. Wannan kokawar ce kunne yake ɗauka a matsayin gaskiya.

Sai batun saiti, wanda ƙanƙane ne amma yana tona asiri. 'Ya'yan tsirkiya ba sa bin lissafin fiyano. A kan A mai 440, idan aka ƙirga da uwar, ta uku 1320 ce, fiyano kuma zai ba ka 1318.5, tazarar da ba ta kai a damu ba. Amma ta biyar 2200 ce, fiyano kuma 2217 yake bayarwa, kusan santi 14 a sama, wato kashi 14 cikin ɗari na tazarar firet ɗaya. Idan ita ka zaɓa, sauko da ita, in ba haka ba za ka ji wani kaɗawa mai tsami da ba ka san daga ina yake ba. Duk lanƙwasa da karkaɗawar da ka yi wa jitar kuma, ka kwafa ta zuwa sintin da faɗin lanƙwasa iri ɗaya, don a jitar gaske tsirkiya guda ce take fitar da su biyun. Ka ɗan sa bolum ɗin ya riƙa numfashi, sama kaɗan ƙasa kaɗan, ba bisa bugun kiɗa ba. Ka kuma lura da yadda zai ƙare. Kukan gaske ba ya dushewa a hankali kamar ƙarshen waƙa, hannu ne yake danne shi, da ɗan ƙarar goga yatsa a tsirkiya. Yanke shi farat ɗaya, ka ɗora wannan ƙarar a kai.

Murya ɗaya takan ci mini minti ashirin. Idan waƙar tana son guda biyu ko uku, ya yi. Idan tana son jita mai ruri daga farko zuwa ƙarshe irin ta makaɗan Agadas, to ba aikin linzamin kwamfuta ba ne. Mdou Moctar kansa, makaɗin jitar nan na Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, cikin salon situdiyoyinmu na kwamfuta da gyaran murya, amma sautin da duniya ta san shi da shi daga baya na Stratocaster ne a gaban amfilifaya a buɗe.

Akwai masu ƙoƙarin gina da'irar a cikin manhajar kanta, layi ya aika wa kansa sauti ta cikin dile mai jinkirta sauti da EQ da distoshan. Reaper tana yarda idan ka kunna izinin a saitin aikin, Ableton tana yarda a layukan dawowa, mikisar FL Studio kuwa ba ta bari. Tunanin tsoho ne, tun 1990 Charles Sullivan ya wallafa yadda za a yi shi, sai dai nasa yana da tsirkiyar lissafi a cikin da'irar. In babu ita, ƙarar lasifikar taro za ka samu. Tana da amfani a fim ɗin tsoro. In za ka gwada, limita tukuna.

To wacce za a ɗauka?

Idan akwai jita da makaɗi kuma ba a ɗauka ba tukuna, raba waya, ɗauki DI, jingina kan jitar a akwatin tsohuwar sifika. Ita ce mafi araha a cikin masu girgiza tsirkiya, kuma sakamakonta ya fi na duk wani fulogin da na gwada. Amfilifaya a buɗe ta fi ta daɗi ga makaɗi, amma sai mai wurin da zai ɗauki ƙarar. Idan aikinka yawanci kiɗan fim ne kuma da dare kake yi, EBow ce abu ɗaya da zan ce ka saya. Idan an riga an ɗauka kuma kana da DI, fulogin. Idan sautin da ke hannunka ya riga ya bi ta distoshan, ko jitar ta MIDI ce, zana da hannu, kuma a wannan hali na farko sai ka ba sintin amfilifaya mai kama da ta asali tunda ba za su iya shiga guda ba. Monitarka mai tsada kuwa ka bar ta ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Na mai fim ɗin nan, wani makaɗin coci daga Sabon Gari na kira, ya zo da jitarsa a bayan babur. Ya dubi tsohuwar sifikar ya dube ni. "Oga, wannan ce za ta yi aikin?" Na ce ya jingina kawai. Ya buga D a tsirkiya ta uku, firet na 7, ya ɗora kan jitar a katakon, muka yi shiru. Daƙiƙa biyu ba komai, sai muryar ta juye ta haura oktab, ya zaro ido yana dariya ba sauti don kada ya ɓata ɗaukar. Sau shida muka yi, na huɗun ne ya fi, ya kai daƙiƙa 40. Mai fim ya saurara sau biyu, ya ce ya yi, sannan ya yanke shi ya bar daƙiƙa 9, don a nan ne wayar jarumar take ƙara.